Hutun Maris a Bakin Tekun Atilantika

Idan watan Maris ya kama, jami'o'in Amurka sukan watse na mako guda. Zangon karatu na biyu yana farawa ne a Janairu ya ƙare farkon Mayu, to a tsakiyarsa, bayan an gama jarrabawar rabin zango, ake sallamar ɗalibai su je su sha iska. Kowace jami'a da makonta: wata farkon wata, wata tsakiya, wata sai can ƙarshe. Shi ne hutun bazarar da ake yawan jin labarinsa. Ranar Juma'ar da za a tashi, kafin la'asar filin ajiye motoci ya zama wayam, ɗakin karatun da jiya ake rububin kujera a cikinsa yau sai ka zaɓi inda ka ga dama. Waɗanda ake bari a harabar makaranta yawanci irinmu ne, 'yan ƙasashen waje, waɗanda gida ya yi mana nisan da ba a zuwa a dawo cikin mako.

Sunan hutun nan ya ɓaci, kuma da dalili. Wanda ya san shi ta talabijin ko ta waya, abin da ya gani bai wuce dubban samari da 'yan mata sun yi cincirindo a bakin teku a Fulorida ba, ana kiɗa ana shaye-shaye, 'yan sanda suna kai da komo. Alhali asalin abin motsa jiki ne. A tsakiyar shekarun 1930, mai horas da 'yan ninƙaya na Jami'ar Colgate, can arewa a jihar New York inda hunturu ke daskarar da ruwa, ya kai yaransa garin Fort Lauderdale su yi atisaye a wani babban wurin ninƙaya da garin ya gina. Wasu jami'o'in suka bi sahu. Labarin rana da rairayi ya bazu, har waɗanda ba ruwansu da ninƙaya suka fara niƙa gari su tafi. A 1960 aka fitar da fim mai suna Where the Boys Are a kan wannan tafiya, daga nan abin ya tumbatsa, har a 1985 aka ƙiyasta ɗalibai kusan 350,000 ne suka sauka a garin. Mutanen gari suka gaji, hukuma ta tsananta doka, ga kuma dokar tarayya ta 1984 da ta matsa wa jihohi lamba su mai da shekarun sayen giya 21. Sai taron ya yi ƙaura zuwa Daytona Beach, inda tashar MTV ta fara watsa shi a 1986, daga can ya fantsama Panama City Beach da tsibirin South Padre a Texas da Kankun ta ƙasar Meziko. A Maris na 2023 sai da Miami Beach ta sa dokar hana fita da dare bayan harbe-harben da suka ci rayukan mutum biyu.

Wannan duk gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Yawancin ɗaliban da na zauna da su gidan iyayensu suke tafiya, wasu su ƙara awannin aiki, wasu kuma su bi ƙungiyoyin sa kai irin su Habitat for Humanity su je gina wa marasa galihu gidaje. Akwai kuma waɗanda ba a ɗaukarsu a kyamara saboda ba abin kallo a tattare da su: abokai huɗu ko biyar da za su haɗa kuɗi, su kama gida a wani lungu na bakin teku, su yi barci, su dafa abinci, su yi tafiya a ƙafa a kan rairayi. A Maris ɗin 2023 ina cikin irin waɗannan.

Ni mutumin Katsina ne, lokacin ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a Raleigh, babban birnin jihar Karolina ta Arewa. Dokar bizar ɗalibi ta yarda mutum ya yi aiki a cikin makaranta awa 20 a mako idan ana karatu, idan an yi hutu kuma ya yi cikakken lokaci. Saboda haka ga ɗalibi irina, makon hutu makon neman kuɗi ne. Akwai haya, akwai inshorar lafiya, akwai ƙannen da ke jiran a turo musu wani abu. Sai dai a lokacin jikina ya riga ya fara gaya mini gaskiya. Nakan karanta shafi in kai ƙarshe ban riƙe komai ba, in kwanta barci ya ƙi zuwa, in tashi da ciwon kai. Wani abokin karatuna, Ba'amurke baƙar fata wanda ya tashi a gabashin jihar, shi ya kawo shawarar. Ya ce ya san inda za mu je mu tarar ba kowa, don mutane ba sa zuwa can sai zafi ya sauka. Muka haɗu mu biyar: shi da ni, da wani ɗan Zangon Kumasi da muke Hausa da shi, da wani ɗan Pakistan, da wani ɗan Legas.

Da na kira gida na ce, "Inna, an ba mu hutu, za mu je bakin teku da abokaina," sai ta yi shiru kaɗan ta ce, "Hutun me, kai da ka je karatu?" Na yi mata bayani. Ta ce, "To, Allah ya tsare. Amma ka ji ni da kyau, ban yarda ka shiga ruwan nan ba." Na ce, "Insha Allahu, Inna."

Daga Raleigh hanya mai lamba 64 ake bi a miƙe gabas, tafiyar awa uku da 'yan kai, kilomita ɗari uku da wani abu. Gonaki ne shimfiɗe ba tudu ba gangare, daga nan sai fadama da daji mai duhu inda alluna ke gargaɗin direba ya kula da namun daji masu tsallaka titi. Ana haye kogin Alligator, a sake hawa wata gada mai tsawon fiye da kilomita takwas zuwa tsibirin Roanoke, sannan wata gadar ta sauke ka a Nags Head. Yankin gaba ɗaya ana kiransa Outer Banks. Jerin tsibirai ne na rairayi zalla, dogaye sirara, sun miƙe kusan kilomita 300 a gefen jihar, sun tare ƙasa daga fushin teku. A wasu wuraren siririntarsu ta kai kana cikin mota kana ganin ruwa dama da hagu. Gidajen yawanci a kan dogayen turaku na katako aka ɗora su, mota a ƙasa mutane a sama, don idan guguwa ta koro ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Gidan da muka kama, kuɗinsa a Maris bai kai rabin na Yuli ba, da muka raba biyar kuwa abin da ya faɗo kan kowa bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

Kafin ka ga teku sai ka fara jin sa. Muna sauke kaya nake jin wani gurnani da ba ya yankewa daga bayan tudun rairayi. Muka bi wata 'yar hanyar katako muka hau tudun, sai ga shi. Na san madatsar ruwa ta Jibiya, na haye Kwara a Lakwaja, amma duk waɗannan suna da ɗaya gefen da ido ke sauka a kai. Wannan ba shi da shi. Ruwa ne toka-toka har inda ya haɗu da sama, igiyarsa tana tasowa ta naɗe ta faɗo da kumfa fari, wata na bin wata. Iska mai sanyi tana dukan fuska, idan ka lashi leɓe ka ji gishiri. Na naɗe ƙafar wando na tsaya inda kumfar ke ƙarewa. Da ruwan ya taɓa ni sai da na ja da baya, don a Maris sanyinsa yana wajen digiri 10 ne. Da ya koma kuma sai na ji yana zare rairayin da ke ƙarƙashin dugadugaina, ƙafata tana nutsewa a hankali ina tsaye wuri ɗaya. Iyakata da shi ke nan, idon sawu, har muka bar garin.

Wanda bai zauna kusa da teku ba bai san yana da lokutansa ba. Sau biyu a yini yake cikowa, sau biyu yake janyewa, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. Jan da wata yake yi wa ruwan duniya ne ke kawo haka, rana ma tana taimakawa, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi idan wata ya tsaya sabo ko ya cika goma sha huɗu. A nan bambancin bai fi mita ɗaya ba a tsaye, amma a shimfiɗe yana cin fili mai yawa: inda muka shimfiɗa bargo da hantsi, da la'asar ruwa ne a wurin. A jikin firjin gidan an manna takardar lokutan cika da janyewa, muka riƙa duba ta tare da lokutan salla. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, gaɓar Nags Head kuma kusan can ta fuskanta, don haka idan muka tayar da sallar asuba a barandar sama teku ne a gabanmu. Maganar ƙasaru ta taso a daren farko, muka tsaya a kan abin da muka karanta a gida, cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ya cika sallarsa.

Akwai abu guda da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, ko da ba zai taɓa zuwa Amurka ba, don irin ruwan nan ne a Legas da Kwatano da Lome da Ankara, inda ɗalibanmu na arewa ke zuwa yawon buɗe ido. Igiyar ruwa tana tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan nan kuma dole ya koma. Wani lokaci yakan sami 'yar kafa a tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi, sai ya bi ta nan da gudu ya nufi cikin teku, ya zama wani siririn kogi a cikin ruwa. Gudunsa yakan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa, wanda ko gwanin ninƙaya na duniya ba ya iya gaba da shi. Abin da ya sa yake cin mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali. Ɗan Legas ɗinmu ne ya nuna mini shi daga kan tudu: dama da hagu igiya tana fashewa da kumfa, a tsakiya kuwa wani zirin ruwa mai duhu, lumui, yana ɗauke da 'yan tarkace yana fita da su. Baƙo zai ce nan ne ya fi aminci, ya shiga. Ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan ruwa yana kashe fiye da mutum 100 a shekara a ƙasar, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ceton da ma'aikatanta ke yi a inda igiya ke fashewa saboda shi ne. Ba ya jan mutum ƙasa, fita yake da shi. Wanda ya faɗa ciki, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta nutsar da shi. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga zirin, in bai iya ba ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu ya yi kira. Wanda ke kan tudu kuma kada ya faɗa don ceto da hannu banza, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa ya nemi taimako, don sau da yawa mai ceton ne ake rasawa. A Outer Banks jar tuta alama ce ta haɗarin shiga ruwa, masu ceto kuma yawanci sai ƙarshen Mayu suke hawa kujerunsu. A Maris kai ne mai tsaron kanka.

Sauran lokacin, gaskiya, ci da barci ne da hira. Mun je Wanchese, ƙauyen masunta a kudancin tsibirin Roanoke, inda jiragen kamun kifi ke ɗaure a jere, ƙarnin kifi da warin man dizal sun cika iska. Muka sayo jatan lande da kifi da ƙaguwa. Ɗan Kumasi ne shugaban kicin. Ya zauna da roba a gabansa yana ɓare jatan landen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaga bayansa da bakin wuƙa ya zare baƙin zaren da ke ciki, yana cewa da ni, "Malam, kai dai yanka albasa, wannan ba aikin mutanen Katsina ba ne." Ya soya tumatir da attarugu har mai ya taso, ya zuba shinkafa, sai da ta kusa nuna ya jefa jatan landen, don minti kaɗan yake so, in ya wuce ya yi tauri. Ɗan Pakistan ya ci kifi ya bar ƙaguwa, saboda a mazhabar Hanafiyya da ya tashi a kai kifi ne kaɗai halal daga cikin abin da ke ruwa, mu kuwa Malikawa duk abin da teku ya fitar muna ci. Ba wanda ya ja da wani. Muka ci muka ƙoshi, aka dafa shayi, aka yi ta labarin gida har dare ya raba, kowa wayarsa tana ɗaki.

Mun hau Jockey's Ridge, tudun rairayi mafi tsawo a gaɓar gabashin Amurka, wanda iska ke sauya wa siffa kullum. Wanda ya san tuddan rairayin Yusufari a Yobe zai ji kamar gida ya zo, sai dai a nan idan ka kai ƙololuwa ruwa ne gaba da baya. Kusa da nan, a Kill Devil Hills, wurin da Wilbur da Orville Wright suka tashi jirgin sama mai inji ranar 17 ga Disamba 1903 yake. Iskar nan da ke damunmu da rairayi mai laushin faɗuwa su suka kawo su daga Ohio. An kafa duwatsu a inda jirgin ya tashi da inda ya sauka. Tashin farko daƙiƙa 12 ne, nisan mita 37, na taka shi da ƙafa kafin in gama mamaki.

Ranar da ta fi zauna mini ita ce wadda muka bi hanya mai lamba 12 muka yi kudu. Abokinmu Ba'amurke ne ke tuƙi, da muka shiga Pea Island sai ya rage gudu ya ba mu labarin Richard Etheridge, wanda kakarsa ta sha ba shi tun yana yaro. An haifi Etheridge bawa a 1842 a wannan yanki, ya yi yaƙin basasa a rundunar arewa, a 1880 kuma ya zama baƙar fata na farko da aka ba shugabancin tashar ceto a Amurka, mutanensa duk baƙaƙe. Gaɓar nan ta ci jirage masu yawan gaske, har ana kiranta maƙabartar Atilantika, saboda ruwan ɗumi daga kudu da ruwan sanyi daga arewa a nan suke karo, ga tuddan rairayi a ɓoye ƙarƙashin ruwa. A Oktoban 1896 guguwa ta jefo jirgin E.S. Newman gaɓa cikin dare. Ruwa ya yi haukan da ba a iya sa kwalekwale, ba kuma busasshen wurin da za a kafa bindigar harba igiya. Sai Etheridge ya sa aka ɗaure mutanensa biyu da igiya, suka kutsa cikin ruwan da iyo har jikin jirgin, ana canza su, suka yi ta zuwa suna dawowa har suka fitar da mutum tara, ciki har da matar kyaftin da ɗansa ƙarami. Ba a ba su lambar yabo ba sai 1996, shekara ɗari cif, bayan duk sun rasu. Yau akwai mutum-mutuminsa a garin Manteo. Abokin namu ya faɗi wannan labari muryarsa tana rawa, mu kuma muka yi tsit a motar, don mun ga irin ruwan da ake magana a kai, kuma a ranar da yake kwance ma muka gan shi.

Gaba kaɗan, a Rodanthe, mun ga gidajen da igiya ke dukan turakunsu. Tsibiran nan tafiya suke yi a hankali zuwa yamma, teku yana cin gaba iska tana tara rairayi a baya, gida kuwa ba ya tafiya. Tun daga 2020 gidaje suke faɗawa ruwa a garin, a Mayun 2022 biyu suka faɗi rana ɗaya. Hasumiyar fitilar jirage ta Cape Hatteras ma, wadda aka gina da bulo a 1870 mai tsawon kusan mita 60, sai da aka ɗaga ta ɗungurungum a 1999 aka tura ta a kan dogo nisan mita 880 cikin kwana 23, don ruwa ya kusa cim mata.

Na san abin da wani zai ce: ɗalibin da ake tara masa kuɗi da gumi, me ya kai shi bakin teku? Ban raina wannan tambaya ba, don na san gidajen da ake sayar da gona a tura yaro karatu. Amma na ga ɗalibanmu a ƙasashen waje suna shekara biyu, uku, ba su san ko'ina ba sai aji da wurin aiki da ɗakin kwana, suna jin kunyar su ce sun gaji, har wasu su kwanta ciwon da ba a gane kansa a gida. Hutun da jami'a ta sa a tsakiyar zango ba kyauta ta yi wa kowa ba, ta san ƙwaƙwalwa tana da iyaka ne. Kuma ba dole sai an saɓa wa Allah ko an zubar da mutunci ake hutawa ba. Mu biyar, addini biyu, ƙasa huɗu, ba wanda ya takura wani, ba wanda ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa. Ni dai a can barcina ya dawo, da na koma kuma babin da ya gagare ni wata guda na rubuta shi kafin azumi ya kama ranar 23 ga Maris.

A 2024 da 2025 hutun ya faɗo kusa da Ramadan ko a tsakiyarsa, don haka Musulmin cikinmu muka zauna a Raleigh muna buɗa baki a masallaci, muka ɗage tafiyar zuwa Mayu bayan jarrabawar ƙarshe. A lokacin ruwan ya fara ɗumi, kuɗin haya ya fara hawa, kuma sai an kama gida tun da wuri.